Shekarar da Na Koyar da Kogi a Gure

Na koma lakwal bayan na fita takaba. An riga an buɗe makarantu, gero ya shiga rumbu, yara sun yi nisa da karatu a hannun wani mushe, wato malami namiji, da ya riƙe mini ajina. Maigidana ya rasu a cikin mota, a hanyar kai shi asibitin Damagaram, ko Gidigir ba mu kai ba. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki. Kansa yana kan cinyata lokacin da ya cika. Direba ya waiwayo ya tambaye ni ko a juya, na ce a ci gaba, sai da wani dattijo a cikin motar ya ce, "Ƴata, ci gaba zuwa ina kuma?" Sannan aka juya.

Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka da na fita takaba na kwashe kayana na koma gidan mahaifiyata. Mata masu zuwa gaisuwa sun yi ta yaba haƙurina. Ni dai na san ban yi wani ƙoƙari ba. Abin da aka ce in yi shi nake yi. In an miƙo ruwa in sha, in an ce lokacin salla ya yi in tashi. Kuka bai zo ba, ban kuma neme shi ba.

Ranar da na koma, darekta ya kira ni ofishinsa. Dattijo ne mai sanyin magana, tun ina ƙaramar malama nake aiki a ƙarƙashinsa. Ya yi mini gaisuwa, ya yi addu'a, sannan ya jawo wani babban ambulan daga cikin akwatin ƙarfe.

"Madam, wannan ya zo ba kya nan. Wasu masu bincike ne suka bi kogin Komadugu suna rubuta abin da ke rayuwa a cikinsa da bakinsa. An ce a koya wa manyan yara da shi. Mushe ya je horon, amma ya ce lissafi ya sha masa kai, bai taɓa shi ba."

"To."

"In kin ga ya yi miki nauyi yanzu, a bari sai bayan hutu."

Na ce ba komai, zan yi. Da ya ce in share filin lakwal da tsintsiya ma, abin da zan ce ke nan.

A cikin ambulan akwai taswirar kogin, da hotuna, da takardu masu layi-layi da Faransanci. Duk wurin da masu binciken suka tsaya sun ba shi lamba. A gaban kowace lamba sun rubuta zurfin ruwa, ko garau yake ko gurɓatacce, irin ciyawar da ke wurin, irin kifi, irin tsuntsu, da ko akwai katantanwa. Sun je lokacin da kogin ke cike, sun sake komawa bayan ya ja ya rabu gida-gida. Abin da ake so shi ne yara su gwada wannan wuri da wancan, su faɗa da kansu abin da ya sa halittu suka taru a nan suka guje wa can.

Mu a Gure ba mu da kogi. Yaranmu sun san rijiya da famfo, sun san tafkin da damina ke bari a bayan gari, waɗanda ke da dangi a ƙauye kuma sun san kwari, inda dabino ke tsaye a tsakanin tudun rairayi, ƙasa na fitar da kanwa. Ni kaina ban taɓa ganin kogi ba sai a hoto. Na zana layi biyu masu lanƙwasa a allo, na ce wannan ruwa ne mai tafiya.

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Madam, wa ke tura shi?"

"Gangare ne. Daga tudu yake sauka."

"Ina za shi?"

"Tafkin Cadi."

"To in ya gama wucewa fa?"

Na ce wani na biye da shi a baya. Suka dube ni irin kallon da yara ke yi wa babba in sun ga ya faɗi abin da ba za su iya musawa ba amma ba su yarda ba. Na fitar da su tsakar lakwal, na ja rami siriri da kara a cikin rairayi, na tsiyaya ruwan buta a bakinsa. Ko kamu ɗaya bai yi ba rairayi ya shanye shi. Ajin ya fashe da dariya. Na tsaya da butar a hannu har suka gama, muka koma ciki.

Sunayen kifin na mayar musu da Hausa gwargwadon abin da na sani: karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, gaiwa. Su kifi a kasuwa suka san shi, banda, baƙi, a nannaɗe. Da na ɗaga hoton tarwaɗa a miƙe, tana sheƙi da gashin bakinta, wata yarinya ta ce ƙarya ne, kifi ai zagaye yake kamar gammo. Na yi mata bayanin banda. Na ji muryata tana fita daidai, tana hawa inda ya kamata, tana sauka inda ya kamata, kamar ta wata malama a ajin da ke maƙwabtaka da namu.

Akwai wata yarinya a layin baya, kusa da taga, wadda aka kawo ina cikin takaba. Doguwa ce, ta girmi sauran, Faransancinta kaɗan, Hausarta ma ba ta nuna ba. Abin da na sani game da ita shi ne daga gabas suka zo. Ba ta ɗaga hannu, ba ta surutu, kayenta, littafin rubutunta, kullum tsaf, tana kwafe abin da ke allo harafi-harafi.

Rannan na raba ajin rukuni-rukuni, na ba kowane rukuni wuri ɗaya da hotonsa da takardarsa. Rukunin yarinyar ya samu hoton wata kwana da kogin ya yi, da babbar tsamiya a gaɓa, saiwoyinta a cikin ruwa, can baya ga gonakin tattasai. Ina zagayawa na iso kansu, na tarar ta ɗora yatsa a kan hoton. Ta yi magana da Barbarci, ba da ƙarfi ba. Mahaifiyata Babarbariya ce, na ji abin da ta ce.

"Nan muke wanki."

Na tambaye ta da yaren ko ta tabbata. Ta ce tsamiyar garinsu ce, ga reshen da ya karye nan. Ta ce a ƙarƙashin saiwoyin akwai rami, tarwaɗa na kwana a ciki. Na duba takardar, an rubuta tarwaɗa a wurin, da inuwa, da ruwa mai zurfi. Na gaya wa ajin cewa ga wadda ta ga wurin da idonta, abin da ta faɗa kuma ya yi daidai da na masu bincike. Duk suka juyo. Tambayoyi suka yi ta zuwa, waɗanda ke jin Barbarci suna fassara wa sauran. Ruwan na da sanyi? Akwai kada? Ta iya iyo? Tana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, har ta ɗan yi murmushi da aka zo kan kada.

Sai wani ƙaramin yaro a gaba, ba da wata mugunta ba, ya ce, "To me ya kawo ku nan, inda babu ruwa?"

Ta ɗauke yatsanta daga hoton, ta sa hannayenta a ƙarƙashin tebur. Na jira kaɗan, na ce kowane rukuni ya rubuta abin da ya gano. Aka kaɗa ƙarfe, aka tashi.

Washegari ba ta zo ba, haka jibi. Da mako ya ƙare darekta ya tare ni a bakin aji.

"Madam, ko za ki leƙa gidansu? Ke mace ce, kuma kina jin yarensu. Ni in na je sai su ɗauka wani laifi aka yi."

Na je ranar Asabar bayan la'asar. A ƙarshen gari suke, a filin wani danginsu, ɗaki ɗaya na kara da zana kewaye da shi. Na yi sallama, uwar ta amsa. Mace ce siririya, ba za ta girme ni da yawa ba, tana zaune tana saƙar tabarma da kaba. Ta shimfiɗa mini wadda ta gama, ta sa yarinyar ta kawo ruwa. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta shige ɗaki.

Muka gaisa da Barbarci. Nasu ya ɗan bambanta da namu, amma muna jin juna. Na ce an ga ba ta zo lakwal ba ne, aka ce in zo in duba ko lafiya.

"Lafiya lau, Malama. Ni ban hana ta ba."

Ta ci gaba da saƙa. Can ta ce ta ji an ce na yi rashi, Allah ya ji ƙansa. Na ce amin. Ta tambaye ni ciwon, na faɗa mata, da motar, da hanyar. Ban taɓa ba wani labarin daga farko zuwa ƙarshe ba sai ranar, kuma ya fito mini kamar ina faɗin farashin albasa.

"Kin gan shi ke nan," in ji ta.

"Na gan shi. A kan cinyata."

"An yi masa wanka, an kai shi."

"An kai shi."

"Kin huta."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ta jiƙa kaba a cikin ƙwarya, ta tsaga ta da farce, sannan ta ba ni nata labarin. Mijinta manomin tattasai ne, yana kuma jefa taru in ruwa ya zo. Da rikici ya yi yawa a bakin kogin, aka ce kowa ya tashi, suka tashi tare da mutanen gari zuwa bakin babbar hanya. Bayan an kwana biyu ya ce zai koma ya ɗauko injin ban ruwa da ya binne a gona, don shi ne duk abin da suka mallaka. Ya tafi da safe da jaki. Jakin ma bai dawo ba. Wasu sun ce masu bindiga sun tafi da shi, wasu sun ce an gan shi a ƙetaren ruwa, wasu sun ce kada ta sa rai. Ta je wurin malamai ta tambaya ko ta shiga takaba, suka ce ta jira.

"Ina ta jira. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. In an yi masa addu'a ban san wace iri zan ce amin a kanta ba."

Na ce Allah ya bayyana shi. Ta ce amin. Na san a nan ne ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjina, na ma saurara ko zai motsa. Abin da na lura da shi kawai shi ne saƙarta ta fi tamu ta Gure matsewa, kuma tana rina kaba ja ta sa a baki.

Da na tashi tafiya ta ce, "Ta ce akwai hoton garinmu a wurinki."

"Akwai."

"Ana iya gani?"

Na kai mata washegari, da takardar da ke tare da shi. Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, yarinyar na tsaye a bayanta. Ta ce wannan bayan kaka aka ɗauka, ruwa ya fara ja, ga alamar inda ya kai a jikin gaɓa. Ta nuna inda hanyar gidansu ta bi, ko da yake ba ta fito a hoton ba, ta nuna ta a iska, gefen takardar. Sannan ta ce in karanta mata abin da aka rubuta.

Na karanta, ina mayarwa da Barbarci, inda na kasa yarinyar ta taya ni. Ruwa mai zurfi a gindin itace, marar zurfi a ɗaya gaɓar. Baɗo da burugu. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu. Zalɓe, balbela, kirinjijiya. Katantanwa a inda ruwa ya kwanta. Tana gyaɗa kai a kan kowanne, kamar mai jin sunayen waɗanda suka zo biki.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba su rubuta mutane ba?"

"Ba shi aka aike su ba."

Ta ce, "To," ta miƙo mini hoton. Ta juya ta ce wa yarinyar gobe ta tafi lakwal.

Yarinyar ta dawo, ta zauna a wurinta. Yaron da ya yi tambayar ya kawo mata goruba, ya ajiye a kan teburinta. Ban san wa ya sa shi ba.

Ƙarshen darasin shi ne yara su yi nasu binciken a ruwan da ya fi kusa da su. Namu shi ne tafkin bayan gari, wanda a lokacin ya rage kamar rabinsa, masu yin bulo sun riga sun kafa aiki a gefe ɗaya. Muka tafi da hantsi, da tsofaffin rariya, da kwanoni, da kwalaben ruwa da aka yanke wa kai, da dogon kara don gwada zurfi. Na ja musu layi a takarda irin na masu binciken. Na ce kada wanda ya shiga ruwan, daga gaɓa za a ɗiba, na kuma san ba za su ji ba.

Sun samu talibamban da yawa, da ƙananan ƙwari masu gudu a kan ruwa, da matsattsaku guda wanda ya sa ƴan mata ihu. Balbela na bin shanun da aka kawo shayarwa. Babu kifi. Suka gwada da takardar kogin, suka yi ta gardama a kan dalili, har wata ta ce ai kifi ba zai zauna a gidan da ke bushewa duk shekara ba, na ce ta rubuta. Da aka ɗebo katantanwa a cikin rariya, na tara su na gaya musu cewa irin wannan ce ke ɗauke da tsargiya, mai sa fitsari da jini. Samarin suka fara ƙyalƙyala, suna zungurin juna. Wani ya ce yayansa ya gaya masa alamar zama namiji ce. Na ce ciwo ne, kuma yana da magani a likita. Na ce duk mai yi ya same ni bayan an tashi, ba sai ya faɗa a gaban kowa ba. Daga baya sun zo, ɗaya bayan ɗaya, sun fi yadda na zata, darekta ya haɗa su ya kai su.

Yarinyar ce ke riƙe da takardar rukuninsu. Na gan ta a bakin ruwan, ta tsuguna, ta jefa busasshen ganye a kai tana kallo. Ganyen ya tsaya inda ya faɗa. Na zo kusa, ta ce mini da Hausarta, "Madam, wannan ba ya tafiya." Na ce eh, tafki ne. Ta rubuta a layin da ya dace, da Faransanci, ta tambaye ni ko ta rubuta daidai. Na gyara mata harafi ɗaya.

Muna shirin komawa wani yaro mai ƙiba, da ke riƙe da karan gwada zurfi, ya miƙa da yawa, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin laka. Ya tashi baƙi ƙirin daga ƙugu zuwa ƙasa, karan na hannunsa bai saki ba, ya ce, "Madam, nan zurfinsa ya kai wando." Ajin ya kece da dariya. Na ji wani sauti ya fito daga maƙogwarona, gajere, kamar tari. Yaran da ke kusa suka juyo suka dube ni. Na ce a jeru biyu-biyu.

Bayan haka na riƙa zuwa gidan uwar yarinyar wasu ranakun Asabar. Ba aike ba ne, ban kuma san abin da nake nema ba. Sai in zauna, ta tura mini ƙwaryar kaba, in riƙa tsagawa tana saƙa. Wani lokaci har rana ta yi sanyi ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Mahaifiyata ta tambaye ni abin da muke tattaunawa, na ce ba komai. Ta ce to ai ba komai ɗin akwai shi a gida. Amma ba ta hana ni ba, wata rana ma ta ba ni kuka da daddawa in kai musu.

Da zafi ya shigo aka fara jin cewa wasu na komawa garuruwan bakin kogin. Wata Asabar na tarar ta naɗe tabarmin da ta saƙa duka ta ɗaure.

"Za mu koma, Malama."

"An ce lafiya ta samu?"

"Wasu sun ce ta samu, wasu sun ce ba ta samu ba. In yana raye, can zai neme mu. Bai san Gure ba."

Na ce jarrabawar yarinyar ta kusa, ko za ta bar ta a gidanmu har ta rubuta. Ta ƙarasa ɗaure igiya. Ta ce ta gode, amma su biyu suka rage, ba za ta sake raba su ba. Ban ja maganar ba.

Sun zo bakin lakwal da safe, ranar da za su hau mota, kafin a shiga aji. Uwar ta riƙe hannuna da nata biyu ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya ba ni wani na gari. Na ce Allah ya sa su tarar da alheri. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Madam, sai wata rana." Ƴan ajinsu suka taru a jikin katanga suna ɗaga mata hannu har suka sha kwana wajen tasha.

Ban sake jin labarinsu ba. Na tambayi danginsu mai filin sau ɗaya a kasuwa, ya ce sun isa, iyakar abin da ya sani ke nan. Darekta ya ja layi a kan sunan yarinyar. Mako bai cika ba aka kawo wani yaro daga Alakoss, ɗan makiyaya, wanda ciwon ido ya sa aka kawo shi gari wurin kawunsa, na zaunar da shi kusa da taga don ya fi ganin allo. A ranar muka shiga babin ƙasusuwan jikin ɗan Adam. Na zana haƙarƙari a allo, na ce kowa ya dafa nasa ya ƙirga.